Alƙalamin Rubuta Magani Amana Ne: Darasi Daga Ma'aikatan Jinya na Amurka

     

Masu sauraro, yau zancenmu a kan wata 'yar takarda ne. Kowa ya san ta. Ita ce wadda ake miƙo maka bayan an duba ka, a ce ka je kantin magani. A jikinta akwai sunan magani. Akwai ƙwaya nawa za ka sha, sau nawa a rana, har kwana nawa. A can ƙasa kuma akwai sa hannu. To, wannan sa hannun shi ne batunmu. Wa ke da ikon sa shi? Wa ya ba shi ikon? Wa ke bin sawunsa idan ya yi kuskure?

Zan kai ku Amurka, inda aka shafe kusan shekara sittin ana ja-in-ja a kan wannan tambaya. Likitoci suna gefe guda. Wani rukuni na ma'aikatan jinya masu zurfin karatu suna ɗaya gefen. Marasa lafiya kuma suna tsakiya. Tun daga farko zan faɗa muku inda na tsaya. Alƙalamin rubuta magani amana ne. A ba wanda ya yi karatunsa. A ba shi da lasisi. Sannan a sa masa ido. Ilimi, lasisi, sa ido. Ku riƙe waɗannan ukun, domin za mu yi ta dawowa gare su.

Bari mu fara da asalin labarin.

A jihar Colorado, ƙasa mai duwatsu da garuruwa masu nisa da juna, an yi wata ma'aikaciyar jinya mai suna Loretta Ford. Aikinta shi ne kula da lafiyar jama'a a karkara. Takan buɗe wurin duba jarirai a makarantu da majami'u, duk inda ta samu ɗaki. Takan auna yaro, ta duba kunnensa, ta saurari ƙirjinsa. Sau da yawa ta san abin da ke damunsa. Ta san maganin da ya kamata. Amma doka ba ta ba ta ikon yanke hukunci ba. Likita kuma yana nesa. Wannan abu ya dame ta ƙwarai.

A shekarar 1965, ita da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka buɗe sabon karatu a Jami'ar Colorado. Suka ɗauki ma'aikatan jinya masu gogewa, suka koya musu yadda ake bincikar jikin yaro, a gano cuta, a san matakin da za a ɗauka. Ku lura da kyau, jama'a. Nas ce da likita suka haɗa kai suka kafa wannan abu. Da haɗin kai aka fara shi, kuma buƙatar talakan karkara ce ta haife shi. Irin wannan ma'aikaciya ita zan riƙa kira nas mai dubawa a cikin wannan shiri. Akwai maza da yawa a cikinsu, amma mata sun fi rinjaye.

To, yanzu mu duba hanyar da nas ke bi kafin ta kai wannan matsayi. Hanya ce mai tsawo. Da farko sai ta yi digiri a fannin jinya. Ta zauna jarrabawar ƙasa, ta ci, ta samu lasisin nas. Daga nan ta koma jami'a ta yi digiri na biyu, ko ma na uku. A nan za ta zurfafa a ilimin magunguna, da yadda cuta ke aiki a jiki, da yadda ake bincikar mara lafiya. Dole ta zaɓi fanni. Wata ta ɗauki lafiyar iyali, wata ta yara, wata ta mata, wata ta tsofaffi, wata ta ƙwaƙwalwa. Bayan ta gama, ta sake zama wata jarrabawar ƙasa a kan fannin da ta zaɓa. Sannan ta kai takardunta hukumar kula da aikin jinya ta jiharta, a ba ta lasisi. Kuma lasisin ba na har abada ba ne. Bayan 'yan shekaru sai an sabunta shi, kuma sai ta nuna cewa ta ci gaba da neman ilimi.

Akwai kuma wata ƙofa ta biyu. Ita ce ƙofar magunguna masu sa maye da kama jiki. Tun 1970 dokar tarayyar Amurka ta kasa irin waɗannan magunguna gida biyar, bisa haɗarinsu. Morphine da oxycodone da fentanyl suna cikin rukuni na biyu, mafi tsanani a cikin waɗanda ake rubutawa. Duk mai son rubuta su, likita ne ko nas, sai ya yi rajista da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar, wato DEA. Za a ba shi lamba tasa shi kaɗai. Idan takarda ta fita, an san hannun da ya rubuta ta.

Har zuwa nan babu gardama mai yawa. Ga inda gizo ke saƙa.

A Amurka, kowace jiha ce ke yin dokar aikin lafiya a cikinta. Jihohi hamsin, dokoki iri-iri. Idan aka tattara su, sun kasu gida uku. A gida na farko, nas mai dubawa tana da cikakken iko. Ta duba mara lafiya, ta tura shi gwaji, ta faɗi cutarsa, ta rubuta magani, duk a ƙarƙashin lasisinta. Fiye da rabin jihohin ƙasar suna wannan gida yanzu. A gida na biyu an rage mata iko. Sai ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani likita kafin ta yi wani ɓangare na aikin. A gida na uku kuwa, muddin tana aiki, tana ƙarƙashin kulawar likita. Ko ta shekara ashirin tana duba marasa lafiya, ba ta fita daga wannan sharaɗi.

Bari in matso muku da abin kusa, ku gan shi da idon zuci.

Akwai birnin El Paso a jihar Texas. Akwai birnin Las Cruces a jihar New Mexico. Tsakaninsu tafiyar mota ce da ba ta kai awa guda ba. Mu ƙaddara mata biyu sun yi aji ɗaya. Littafi ɗaya suka karanta, jarrabawa ɗaya suka ci. Ɗaya ta zauna a Las Cruces. Ta kama shago, ta kafa allo da sunanta, ta buɗe ƙaramin asibiti. Tsoho mai hawan jini ya shigo, ta auna shi, ta duba ƙafafunsa ko sun kumbura, ta rubuta masa magani, ya tafi. Ɗayar ta zauna a El Paso. Ita ma ta iya duk wannan. Amma ba ta da ikon rubuta ko ƙwaya ɗaya sai ta samu likitan da zai sa hannu a yarjejeniyar ba ta izini. Aji ɗaya, ilimi ɗaya, iyakar jiha ce kawai ta raba su.

Wani zai ce ai wannan kulawa alheri ce. To, mu leƙa yadda take a aikace. A Texas, ba dole ba ne likitan ya zauna a asibitin da nas ɗin take. Yana iya zama a wani gari mai nisa. Doka ta ce su riƙa ganawa duk wata, kuma ya duba wani kaso na fayilolin marasa lafiya. Wato galibin waɗanda ta duba, bai taɓa ganin fuskarsu ba. Maganin kuma an riga an sha kafin ya ga takardar. Ita kuwa, idan asibitin nata ne, yawanci takan biya shi kuɗi duk wata saboda wannan sa hannu. Ranar da ya yi ritaya, ko ya bar jihar, ko Allah Ya yi masa rasuwa, ikonta na rubuta magani ya tsaya cak, har sai ta samu wani. A birni wannan da sauƙi. Amma a Texas akwai yankunan karkara da ba su da likita ko ɗaya. A irin wannan wuri, mai ciwon sukari da maganinsa ya ƙare shi ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Idan kulawa ta zama sa hannu daga nesa, ba ta ƙara wa mara lafiya tsaro. Tsada take ƙara masa, da nisan tafiya.

Mu ɗan waiwaya mu ga inda iska ke kaɗawa. Jihar Georgia ce ta ƙarshe da ta bar waɗannan ma'aikata su rubuta takardar magani da hannunsu, a shekarar 2006. Jihar Florida ce ta ƙarshe da ta yarda su rubuta magunguna masu kama jiki, bayan shekara goma. A 2010, babbar Cibiyar Nazarin Lafiya ta ƙasar ta fitar da rahoto, ta ce a bar ma'aikatan jinya su yi aiki gwargwadon iyakar karatunsu. A 2016, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ba su cikakken iko a asibitocinta, ko a wace jiha suke. Da annobar korona ta zo, asibitoci suka cika maƙil, jihohi da dama suka ɗage waɗannan sharuɗɗa na ɗan lokaci. Daga baya, jihohi irin su Massachusetts da New York suka mayar da sassaucin ya zama doka.

Amma ku lura da hikimar da New York ta yi. Ba ta saki sabuwar nas haka kawai ba. Sai ta yi awoyi 3,600 tana aiki da yarjejeniyar likita, wato kimanin shekara biyu, kafin ta tsaya da ƙafafunta. Wannan tsari ya kwanta mini. Ko a sana'ar hannu, yaro yakan zauna gaban maigidansa ya ƙware, sannan a yaye shi. Ba a yaye shi ranar farko. Ba a kuma riƙe shi har tsufa.

Yanzu kuma, masu sauraro, adalci ya wajaba. Mu juya mu saurari likitoci, domin suna da hujja mai nauyi.

Ƙungiyar Likitocin Amurka ta daɗe tana adawa da wannan faɗaɗa iko. Hujjarta ita ce bambancin horo. Likita yakan yi shekara huɗu a makarantar likitanci bayan digirinsa na farko. Sannan ya yi aƙalla shekara uku yana koyon aiki a asibiti, dare da rana, ƙarƙashin manya. Nas mai dubawa kuwa, an daɗe ana karɓar awoyi ɗari biyar na koyon aiki a matsayin mafi ƙarancin abin da za ta yi a karatunta na biyu. Tazarar tana da faɗi. Likitoci suna ƙorafin cewa makarantun horar da su sun yi yawa, wasu kusan duk karatunsu ta intanet ake yi, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Suna cewa cuta mai haɗari takan zo da kamannin ƙaramar cuta. Ciwon ciki na iya zama ƙwannafi, yana iya zama ciwon zuciya. Idon da ya ga dubban marasa lafiya shi ke rarrabewa. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk mai son ma'aikatan jinya bai kamata ya toshe kunnensa gare ta ba.

To, me bincike ya nuna? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A shekarar 2000, mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka da kanta ta buga wani gwaji da aka yi a birnin New York, ƙarƙashin jagorancin Mary Mundinger ta Jami'ar Columbia. An ɗauki marasa lafiya fiye da dubu, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu suka riƙa ganin likita, wasu suka riƙa ganin nas mai dubawa. Da aka bi sawunsu, sai aka tarar lafiyarsu ta zo daidai da juna. Bincike da dama da suka biyo baya a kan kiwon lafiya na matakin farko sun nuna haka. Har ma an ga ma'aikatan jinya sukan ɗauki lokaci mai tsawo da mara lafiya, suna yi masa bayani.

Amma akwai ɗaya gefen. A 2022, wasu masana tattalin arziki biyu, David Chan da Yiqun Chen, sun duba sashen gaggawa na asibitocin tsofaffin sojoji. A can sun ga waɗanda nas mai dubawa ta gani sun fi daɗewa a sashen, kuma sun fi yawan dawowa asibiti. Giɓin ya fi fitowa fili a kan masu cuta mai sarƙaƙiya.

Idan muka haɗa waɗannan biyun, darasin a fili yake. Wajen hawan jini, da ciwon sukari, da asma, da rigakafi, da awon yara, nas mai dubawa tana yin aiki mai kyau. Wajen cuta mai rikitarwa da ke neman rai cikin mintoci, horon likita yana da ranarsa. Saboda haka lasisi ya faɗi iyakar kowa ƙarara. Ƙwararren ma'aikaci shi ne wanda ya san inda iliminsa ya tsaya, ya ce wannan ya fi ƙarfina, a kai shi gaba. Ilimi, lasisi, sa ido.

Mu tsaya kaɗan a kan na ukun, wato sa ido. Amurka ta koyi wannan darasi da hawaye. A 1996 aka fito da wani maganin kashe zafi mai suna OxyContin. Aka tallata shi da ƙarfi, aka rage wa jama'a girman haɗarinsa. Aka yi ta rubuta shi ga masu ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Mutane suka kamu, suka kasa rabuwa da shi. Daga nan wasu suka faɗa wa ƙwayoyin bayan fage. Dubban ɗaruruwan rayuka suka salwanta a shekarun da suka biyo baya. Waɗannan takardu, masu lasisi ne suka rubuta su, kuma akasarinsu a farkon lamarin likitoci ne. Ban faɗi haka don in zargi likitoci ba. Na faɗa ne don mu gane cewa girman muƙami ba ya kare mutum daga kuskure.

Abin da jihohin suka yi daga baya shi ne kafa rumbun bayanai a kwamfuta. Duk maganin da ke kama jiki, idan kantin magani ya bayar da shi, sai a shigar da shi ciki. Kafin ma'aikaci ya rubuta, yana iya dubawa ya ga ko wannan mutum ya karɓi irinsa jiya a wani asibiti. Hukuma ma tana iya ganin hannun da ke rubutu fiye da kima. Wannan ita ce kulawa ta gaskiya, kuma ta hau kan kowa, likita da nas. Wani abin lura kuma, da aka zo neman masu jinyar waɗanda suka kamu, a 2016 majalisar ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu dubawa izinin rubuta maganin buprenorphine, mai taimaka wa mutum ya rabu da ƙwaya. A yankunan karkara da yawa, su ne suka ɗauki wannan nauyi.

Kada mu ɗauka Amurka kaɗai ce ta bi wannan hanya. Ingila ta bi ta sannu a hankali. A 1992 ta yi dokar da ta bar ma'aikatan jinya masu zuwa gida-gida su rubuta 'yan magunguna kaɗan daga wani taƙaitaccen jeri. Da aka ga abin ya yi kyau, a 2006 aka buɗe ƙofa. Nas ɗin da ta yi kwas na musamman, aka rubuta shaidarsa a rajistarta, tana iya rubuta magani a fannin da ta ƙware. A nan Afirka ma akwai misali. A 2004, Uganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta morphine ga masu fama da matsanancin raɗaɗi, irin na ciwon daji. A 2010, Afirka ta Kudu ta ba su damar ɗora masu ɗauke da cutar ƙanjamau a kan magani, domin likitoci ba su isa ba. Duk inda abin ya yi nasara, sai da aka fara da horo, aka bi da rajista, aka ɗora da bibiya.

To, jama'a, yanzu mu dawo gida, domin wannan zance ya shafe mu.

A ƙauyukanmu, duk wanda ya sa farar riga likita ake ce masa. Malamin asibiti likita ne. Unguwarzoma likita ce. Mai kemis ma likita ne. Gaskiyar magana, mafi yawan talakawanmu na karkara ba likita suke gani ba idan ciwo ya taso. A Najeriya, ƙananan asibitoci suna hannun ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda ke aiki da littafin ƙa'idoji da ya tsara musu abin da za su bayar da lokacin da za su tura mara lafiya gaba. A Nijar ma, ma'aikatan jinya ne ke riƙe da galibin cibiyoyin lafiya na karkara. A 2014 gwamnatin Najeriya ta amince da manufar rarraba wasu ayyukan lafiya ga ma'aikatan da aka horar. Tsarinmu daban yake da na Amurka. Amma tambayar ɗaya ce. Wa ke rubuta mana magani, kuma wa ke sa masa ido?

Ku dubi abin da ke faruwa kowane dare a unguwanninmu. Bayan sallar isha'i jikin yaro ya yi zafi rau. Asibiti da nisa, kuɗin mota babu. Uwa ta saɓa shi a baya, ta nufi kemis na bakin layi. Yaron shago ya taɓa goshinsa da bayan hannu. Bai yi gwajin jini ba, bai auna nauyinsa ba. Ya ɓallo ƙwaya ja, ya ɓallo fara, ya haɗa da kafso biyu, ya ƙulle a leda. Ta tambaya, ya ce a sha safe da yamma. Ta ce kuɗinta bai kai ba, ya rage mata rabi. Babu takarda, babu sa hannu, babu suna. Idan yaron ya warke, an gode Allah. Idan ya rikice, babu wanda za a tambaya. Alhali lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne kawai. Bai ba shi ikon duba mara lafiya ba, balle yin allura ko ƙarin ruwa.

Mun ga inda sakaci da magani ya kai mu. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Muna ganin abin da tramol ke yi har yau. A Amurka ana gardama ne a kan ko mai digiri biyu za ta rubuta magani ba tare da sa hannun likita ba. Mu a nan, wanda bai taɓa shiga ajin koyon lafiya ba yana raba magani mai kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa. Wannan ya isa ya hana mu barci.

Saboda haka ina da kira, kuma zan yi shi ɗaya bayan ɗaya.

Ga hukumomi da 'yan majalisa. Ku buɗe wa ma'aikatan jinya hanyar zurfafa karatu, mai inganci, mai jarrabawa ta gaskiya. Ku rubuta a doka abin da kowane mataki zai iya rubutawa da abin da ba zai iya ba. Sabon hannu ya fara aiki ƙarƙashin babba, sannan a yaye shi. Ku ba hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma, da hukumar masu harhaɗa magunguna, kuɗi da ma'aikata, domin su fita zagayen duba aiki har ƙauye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga likitocinmu. Muna girmama shekarun da kuka yi kuna karatu, da daren da kuke rabawa a kan marasa lafiya. Kun fi kowa sanin ba ku isa ku kai kowane ƙauye ba. Ku zama malaman waɗannan ma'aikata, ku ɗauki wayarsu idan sun kira neman shawara. Ku tuna likita ne ya kama wa Loretta Ford wannan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ma'aikatan jinya, 'yan'uwana maza da mata. Kowane iko yana tafe da hisabi. Ku nemi ilimi kafin ku nemi alƙalami. Kada ku amsa sunan da ba naku ba. Idan ciwo ya fi ƙarfinku, ku tura mara lafiya gaba da wuri. Yin hakan daraja ce a gare ku.

Daga ƙarshe, gare ku masu sauraro, iyayena da ƙannena. Lafiya uwar jiki ce. Idan za a ba ka magani, kana da haƙƙin ka san wanda ke ba ka. Tambaye shi matsayinsa cikin ladabi. Nemi a rubuta maka a takarda, da suna da sa hannu. Tambayi sunan maganin, da amfaninsa, da kwanakin da za ka sha. Kada ka sha ragowar maganin maƙwabci. Kada ka bari a yi wa ɗanka allura a shago. Idan kuma 'yarka ko ɗanka na son karatun jinya, ka ƙarfafa musu gwiwa su yi nisa a cikinsa, domin ƙauyukanmu suna jiran su.

Alƙalamin rubuta magani amana ne. A ba wanda ya yi karatunsa, a ba shi da lasisi, a sa masa ido. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya saka wa masu kula da marasa lafiyarmu da alheri.